TAIMAKO DABAN, WAKILCI DABAN: Darasi a Kan Riƙe Asusun Dillancin Ɗan'uwa a Dubai



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata wasiƙa da ta iso mini daga wani ɗan ƙungiyarmu da ke neman abinci a unguwar Deira ta birnin Dubai. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi na abokin rigimarsa ba. Za mu kira su Zaidu da Amru, kamar yadda muka saba a ajin nahawu.

SURAR MAS'ALA

Zaidu aikin gadi yake yi, yana wuni a tsaye. Yana da shafi a Instagram inda yake nuna wa 'yan Afirka mazauna Dubai turare da wayoyi da kayan ɗaki masu rangwame. Ya buɗe asusun dillanci da wani kamfanin sayar da kaya ta intanet, da sunansa, da katin shaidarsa, da asusun bankinsa. Da aikin gadi ya hana shi sakat, sai ya je wurin Amru, wanda suka taso tare a Nima, yanzu kuma yana tsaron shagon waya a Naif, ya ce masa: "Ɗan'uwa, ka taimaka mini." Ya ba shi kalmar sirrin asusun da ta shafin, ya koma bakin aikinsa.

Wata biyar Amru yana zaɓen kaya, yana rubuta talla, yana amsa wa masu tambaya da sunan Zaidu. Da ya ga ciniki ya ja baya, sai ya roƙi abokan ɗakinsu su riƙa saye ta hanyar asusun, wasunsu kuma su mayar da kayan bayan 'yan kwanaki. Kamfani ya gane, ya rufe asusun, ya riƙe la'adar dirhami 2,300 da ba a riga an biya ba. Zaidu ya ce: "Ka kashe mini asusu, sai ka biya ni." Amru ya ce: "Taimako na yi, wata biyar ban karɓi ko sisi ba, ni ma ke binka." Magana ta tsallake teku ta iso gida, har iyayensu mata biyu, waɗanda suka yi shekaru suna zuwa masallaci tare, suka daina gaisawa.

Tambayar Zaidu ita ce: wa ke da gaskiya? Kafin mu amsa, lalle ne mu san ita wannan sana'a, sa'an nan mu san inda taimako ya tsaya da inda wakilci ya fara, domin a nan ne su biyun suka yi tuntuɓe.

MECE CE WANNAN SANA'A?

Larabawa suna kiranta "attaswiƙu bil umula", wato talla a kan la'ada. Kamfani zai ba ka wani mahaɗi na intanet ko wata lambar rangwame mai ɗauke da alamarka. Duk wanda ya sayi kaya ta wannan mahaɗi ko da wannan lamba, na'urar kamfanin za ta rubuta cewa kai ka kawo shi, a ba ka wani kaso daga kuɗin. Ba ka ajiye kaya, ba ka karɓar kuɗin mai saye, naka kawai nuna hanya.

Kamfanin Amazon ya fara wannan tsari tun 1996. A Dubai manyan kasuwannin intanet biyu ne suka fi shahara. Akwai Amazon.ae, wanda da can Souq.com ne, Amazon ya saye shi a 2017 ya sauya masa suna a 2019. Akwai kuma Noon, wanda aka buɗe a 2017 ƙarƙashin jagorancin attajirin nan Muhammad Alabbar, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin Emaar da ya gina Burj Khalifa. A tsarin Amazon, wanda ya latsa mahaɗinka yana da awa 24 ya sa kaya a kwandonsa kafin a ƙirga maka cinikin, sabon asusu kuma ana son ya kawo ciniki 3 cikin kwana 180, in ba haka ba a rufe shi. Wannan matsi shi ke sa sabon shiga ya ruga wurin wanda ya fi shi iyawa yana neman taimako.

Mu 'yan zango ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Kakanninmu sun yi ta a kasuwar goro ta Salaga, inda mai gida ke saukar da fatake, ya adana kayansu, dillali ya nemo mai saye, a ba shi la'ada. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra, suka tafi da wannan tsari. Su kansu kalmomin daga Larabci muka aro su. Dillali daga "dallal" ne, wato mai nuna hanya. La'ada kuwa daga "al'ada" ce, wato ladan da aka saba bayarwa. Abin lura a wurin kakanninmu shi ne, a kasuwa kowa ya san dillalin wane ne wannan, kowa ya san sunan mai gidan da ya tsaya wa ciniki, kuma yaron mai gida ba ya sayar da kayan baƙo sai da sanin mai gida.

A fiƙihu ana kiran dillanci "samsara". Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya ambaci cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahimun Nakha'i da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Malamai da yawa na wannan zamani suna sanya dillancin intanet a babin "ju'ala", wato alkawarin lada ga wanda ya kawo wani sakamako, kamar yadda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki a aya ta 72 ta Suratu Yusuf. Sharaɗi shi ne kayan su zama halal, kada a yi ƙarya a talla, kuma ladan ya fito daga ciniki na gaskiya. Wannan ya fitar da tsarin nan na dala, wanda sai ka biya kuɗin shiga sa'an nan ka jawo wasu su biya, wanda Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya haramta a shekarar 1425 bayan Hijira. Darasinmu ba a kansa yake ba.

KALMOMI UKU DAGA AJIN LUGGA

Kalma ta farko ita ce "i'ana", wato taimako. Asalinta harufa uku ne: ainun, wawun, nunun. Mai taimako yana ƙara wa mai aiki ƙarfi ne, alhali aikin yana nan a hannun mai shi. Idan tsohuwa za ta ɗauki tulu ka ɗora mata, ka taimake ta, amma tulun yana kanta, ita ta san inda za ta kai shi.

Kalma ta biyu ita ce "wakala", wato wakilci. Asalinta wawun, kafun, lamun, tushe ɗaya da tawakkali. "Wakkala" na nufin ya miƙa al'amarinsa ga wani ya dogara da shi. A nan tulun ya bar kan tsohuwa ya koma kanka, in ya fashe kai za a tambaya yadda aka yi. Wakilci halal ne. Malamai suna kafa hujja da As'habul Kahfi da suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, a aya ta 19 ta Suratul Kahfi. Rukunansa huɗu ne: mai wakiltawa, da wakili, da abin da aka wakilta a kansa, da lafazi ko abin da ya tsaya a matsayin lafazi.

Kalma ta uku ita ce "fuduli", wato mai shisshigi, wanda ya yi tasarrufi da dukiyar wani ba tare da an sa shi ba. A mazhabar Malikiyya cinikinsa yana rataye ne, in mai dukiya ya yarda ya zartu, in ya ƙi ya warware.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan maganganu na tsofaffin littattafai ne kawai. Hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin shari'a ga bankunan Musulunci, wadda aka kafa a Bahrain a 1991, ta ware ƙa'ida ta 23 ga wakilci da tasarrufin mai shisshigi, ta 15 kuma ga ju'ala, kuma tun 2018 aka wajabta wa bankunan Musulunci na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bin ƙa'idojinta.

YADDA ZA KA GANE KA BAR TAIMAKO KA SHIGA WAKILCI

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa a harkar ƙulla yarjejeniya ana duba manufa da haƙiƙanin abin da ya gudana ne, sunan da mutane suka laƙaba masa ba ya sauya hukunci. Saboda haka faɗin "taimako" da Zaidu ya yi bai mayar da aikin Amru taimako ba. Ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi biyar.

Ta farko: a hannun wa makulli yake? In ka zauna kusa da ɗan'uwanka, wayarsa tana hannunsa, kana nuna masa inda zai latsa, taimako kake yi. In ka tafi gida da kalmar sirrinsa kana shiga lokacin da ka ga dama, ka zama wakili.

Ta biyu: wa ke yanke shawara? In ka ce masa "da ni ne da na tallata turare na bar takalmi", shawara ka bayar. In kai ke zaɓen kayan da za a tallata ba tare da ya gani ba, gudanarwa kake yi.

Ta uku: da sunan wa ake magana? Gyara wa ɗan'uwa rubutun talla, ko fassara masa shi zuwa Larabci, taimako ne. Amsa wa masu saye ko rubuta wa kamfani kamar kai ne shi, wakilci ne.

Ta huɗu: kana iya taɓa kuɗi? In kana da ikon sauya asusun bankin da ake biya a ciki, ko lambar wayar da ake turo lambobin tabbatarwa, to dukiyarsa tana hannunka ko da ba ka taɓa ko dirhami ɗaya ba.

Ta biyar: sau ɗaya ne ko kullum, kuma kana sa ran lada? Aikin da ya zama na yau da gobe, wanda zuciyarka ta fara lissafin abin da ya kamata a ba ka a kansa, ya wuce taimako.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta nuna cewa al'amarin ya dawo hannunka, to ka tsaya, domin ka shiga babin da yake da sharuɗɗa.

IZINI UKU DA WAKILI KE BUƘATA

Izini na farko na mai asusu ne. Dole ya zama bayyananne: me za ka yi, me ba za ka yi ba, har zuwa yaushe, da lada ko babu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Bai dace mu da ke karanta ta mu riƙa jin kunyar rubuta yarjejeniya tsakaninmu ba. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne. Game da lada, mafi yawan malamai, har da Malikiyya, sun sharɗanta a san adadinsa. Malaman Hambaliyya da wasu na wannan zamani sun yarda a yi shi da kaso, kamar ɗaya cikin huɗu na la'adar da ta shigo. Kowanne kuka ɗauka, ku ambace shi tun kafin a fara aiki.

Izini na biyu na kamfani ne, kuma shi matasa suka fi mantawa. Lokacin da Zaidu ya buɗe asusu ya latsa alamar yarda da sharuɗɗa, ya ƙulla alkawari ke nan, ko ya karanta ko bai karanta ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarce mu da cika ƙulle-ƙulle, kuma ba ta ware alkawarin da aka yi da kamfani ko da wanda ba Musulmi ba. Mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba. In sharuɗɗa sun hana miƙa asusu ga wani, Zaidu ba shi da ikon miƙa shi ga Amru ko da ransa ya so. Yarjejeniyar dillancin Amazon, alal misali, ta hana mayar da ita ga wani sai da rubutaccen izinin kamfanin. Akwai kuma ƙofa ta halal. YouTube yana ba mai tasha damar naɗa wani manaja ko edita ko mai kallo kawai. Facebook da Instagram suna da tsarin kasuwanci da ake ba mutum wani yanki na iko ba tare da kalmar sirri ba. Ta wannan hanya kowa yana shiga da sunansa, ana ganin abin da kowa ya yi, kuma mai asusu yana iya cire wakili ranar da ya so.

Izini na uku na hukumar ƙasa ne, kuma a nan Dubai ta bambanta da Nima da Aboabo. Tun 2018 ƙasar ta wajabta lasisi ga masu talla a kafofin sada zumunta don kuɗi. Bayan Dokar Watsa Labarai mai lamba 55 ta 2023, sai a watan Yulin 2025 Majalisar Watsa Labarai ta ƙasar ta fito da takardar izinin mai talla, wadda ake kira "Mu'lin" da Larabci, aka ba da wa'adin mallakarta zuwa 31 ga Janairun 2026. Ta shafi mai tallata kayan wasu a shafinsa, ko an biya shi ko ba a biya ba, kuma an sanar da cewa kyauta ce a shekaru 3 na farko ga 'yan ƙasa da masu izinin zama. Daga cikin sharuɗɗanta akwai rubuta lambar izinin a shafi, da yin talla a shafin da aka yi wa rajista kaɗai, da hana wani mutum dabam yin talla ta wannan shafi. Ku dubi wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau, ya 'yan'uwa, domin ya taɓa ainihin abin da Zaidu da Amru suka yi. Dokar ta 2023 ta tanadi tarar da ke iya kaiwa dirhami miliyan 1 a kan manyan laifuffuka.

Haka nan, gudanar da asusun wani a kan lada aiki ne a idon hukuma. Mai bizar ziyara ba shi da izinin aiki a ƙasar, mai aiki a wani wuri kuma yana buƙatar izini kafin ya ƙara wani. A gyaran dokar ƙwadago na 2024, tarar sa mutum aiki ba tare da izini ba ta kama daga dirhami 100,000 zuwa miliyan 1. Wanda ya shiga ƙasar mutane da biza ya shiga da alkawarin bin dokarsu a abin da bai saɓa wa Allah ba.

ABIN DA KE WUYAN WAKILI

Idan izinin nan uku sun cika, to ga abin da ya hau kanka.

Na ɗaya, kai amintacce ne. Hukuncin amintacce shi ne ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. In kamfani ya rage la'ada, ko kasuwa ta mutu, babu komai a kanka. In kuwa ka yi abin da ba a sa ka ba, ko ka bar kalmar sirri a wayar da kowa ke ɗauka, to biya ya hau ka.

Na biyu, abin da ya shigo ta asusun na mai asusu ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ba Urwatul Bariƙi (R.A.) dinari ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Ku lura, ƙwarewar ta Urwa ce, amma bai ɓoye dinarin ba. Ku tuna kuma da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka. Saboda haka turare ko wayar da wani shago ya aiko domin a tallata a shafin Zaidu na Zaidu ne, sai in ya bar maka.

Na uku, kada ka karkatar da masu saye. Wakilin da yake da nasa asusun, ya riƙa sanya mahaɗinsa a shafin wanda ya wakilta shi, ya ci amana, ko da sau ɗaya ne cikin goma.

Na huɗu, ba ka wakilta wani sai da izini. Kada a ba ka makulli ka miƙa wa ƙanenka a Kumasi domin ya fi ka samun lokaci.

Na biyar, ka riƙe lissafi ka nuna shi kowane wata tun ba a tambaye ka ba.

Na shida, wakilci yana ƙarewa in mai asusu ya sauke ka, ko ya rasu. In ya rasu la'adar da ta rage gado ce ta magadansa. In ya sauke ka, ka fita daga asusun a ranar. Dokar laifuffukan intanet ta ƙasar, mai lamba 34 ta 2021, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, tana hukunta shiga asusun wani ba da izini ba, tana kuma hukunta tallan yaudara.

TAIMAKON DA CUTA NE

Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri, ita ce kuma ta hana taimakon juna a kan saɓo. Akwai abubuwa uku da matasa ke kira taimako alhali ba shi ba ne.

Na farko, saye na ƙarya ko latsa mahaɗin juna don a ruɗi kamfani. Wannan ɗan'uwan "najashi" ne, wato ƙara wa kaya farashi a kasuwa ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, wanda Annabi (S.A.W.) ya hana. Sharuɗɗan Amazon ma sun hana dillali saye ta mahaɗinsa, sun kuma hana shi roƙon 'yan'uwa da abokai su saya ta nan.

Na biyu, yabon kayan da ba ka taɓa gani ba a shafin ɗan'uwa. Wannan shaidar zur ce, ko da ka yi ta ne don zumunci.

Na uku, aron suna, kuma shi ya fi haɗari. Wani zai ce maka: "Ba ni da izinin zama, ara mini katinka da asusun bankinka in buɗe, kuɗi in sun shigo ka miƙo mini." Daga ranar duk abin da ya ratsa wannan asusu kai ne mai shi a gaban hukuma. A watan Yunin 2020 'yan sandan Dubai suka kama Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, aka miƙa shi ga Amurka, a Nuwamban 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 a kan halatta kuɗin zamba. Irin wannan kuɗi ta asusun mutane dabam dabam ake bi da shi don a ɓatar da sawu. Ƙasar kuma ta zauna a jerin waɗanda hukumar FATF ke sa wa ido kan safarar kuɗin haram daga Maris 2022 zuwa Fabrairun 2024, abin da ya sa bankunanta suka tsananta bincike. Ranar da aka kira ka, "ɗan unguwarmu ne" ba amsa ba ce.

AMSAR WASIƘA

Yanzu mu koma ga 'yan'uwanmu biyu. Wannan darasi ne, ba hukuncin alƙali ba, domin alƙali sai ya saurari ɓangare biyu. Amma bisa yadda aka kawo maganar, ga abin da ya bayyana.

Amru wakili ne tun ranar da ya karɓi makulli ya ci gaba da aiki da sanin Zaidu. Shirya saye na ƙarya ƙetare iyaka ne, ba a sa shi ba, kuma shi ya jawo rufe asusun. Saboda haka la'adar cinikin gaskiya da ta salwanta ta dalilinsa tana wuyansa. La'adar cinikin ƙarya kuwa ba halal ba ce ga kowannensu, babu mai bin wani ita.

Zaidu shi ma yana da nasa. Ya miƙa makulli ba tare da duba sharuɗɗan kamfani da dokar ƙasa ba, bai sa iyaka ba, wata biyar bai leƙa asusun da ke ɗauke da sunansa ba, kuma ya bar ɗan'uwansa yana wahala bai taɓa yi masa maganar lada ba. Aikin da aka saba biya a kansa, in ba a bayyana cewa kyauta ne ba, mai yinsa yana da hujjar neman ladan irinsa.

Shawarata ita ce su zauna gaban dattawan jama'armu da ke Deira, a ware cinikin gaskiya daga na ƙarya, a ƙiyasta ladan wata biyar, a cire wannan daga wancan, wanda saura ya hau kansa ya biya ko a yafe masa. Sa'an nan kowannensu ya kira mahaifiyar ɗayan ya ba ta haƙuri. Dirhami 2,300 ba su kai a yanke zumuncin shekaru a kansu ba.

ABIN DA NAKE BA ƘUNGIYA SHAWARA

Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, na gida da na Dubai, su duba waɗannan ƙa'idoji su sanya su cikin tsarinmu:

1. Koyarwa da shawara da gyaran rubutu tsakanin 'yan ƙungiya a buɗe suke, kyauta, kuma muna kwaɗaitarwa a kansu.

2. Kada ɗan ƙungiya ya nemi kalmar sirrin ɗan'uwansa ko lambar tabbatarwa da aka turo masa, kada kuma ya bayar da tasa.

3. Wanda zai gudanar da asusun wani ya yi ta ƙofar da kamfani ya buɗe, bayan an tabbatar dokar ƙasar da ake ciki ta yarda, da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu biyu.

4. Asusun banki da lambar waya su zauna da sunan mai asusu, a hannunsa.

5. Babu aron suna, babu saye na ƙarya, babu yabon abin da ba a gani ba.

6. In saɓani ya taso a kawo shi gaban dattawa kafin ya isa kunnen iyaye.

Ya ɗan'uwa, in abokinka ya ce ka taimake shi, mafi alherin abin da za ka yi masa shi ne ka zauna da shi bayan sallar Isha'i, dare uku ko huɗu, wayarsa a hannunsa, har ya iya da kansa. In kuwa lokaci ne ba shi da shi, to ku kira abin da sunansa, ku ce wakilci ne, ku cika sharuɗɗansa.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin amana, Ya shirya tsakanin 'yan'uwanmu. A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu yi darasi a kan zakkar kuɗin la'ada.